Rikicin Alar na 1989: Yadda Tuffa Ta Zama Abin Tsoro a Amurka

Da yammacin Lahadi, 26 ga Fabrairu 1989, gidan talabijin na CBS a Amurka ya watsa wani rahoto a shirinsa na 60 Minutes. A bayan ɗan jaridar da ya gabatar da shi, Ed Bradley, an kafa hoton jar tuffa da ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a giciye a jikinta, irin alamar da ake manna wa kwalbar guba. Bradley ya shaida wa masu kallo, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 40, cewa wani bincike ya nuna a duk abin da Amurkawa ke ci babu sinadarin da ya kai wanda ake fesa wa tuffa ƙarfin haddasa ciwon daji, kuma ƙananan yara ne suka fi shiga hatsari. Sunan sinadarin Alar.

Cikin 'yan makonni makarantun gwamnati a New York da Los Angeles da Chicago da wasu biranen suka cire tuffa daga abincin ɗalibai. Iyaye mata suka riƙa tsiyayar da ruwan tuffa a magudana. Farashi ya faɗi warwas. Watan Yuni yana kamawa kamfanin da ke yin sinadarin ya daina sayar da shi ga manoman Amurka. Abin da hukumar gwamnati ta shekara biyar tana kai-komo a kansa, talabijin ya gama da shi cikin wata uku da 'yan kwanaki.

Har yau Amurkawa ba su daina jayayya a kan wannan lamari ba. Wasu na kafa misali da shi duk lokacin da suke son nuna yadda 'yan jarida da ƙungiyoyin kare muhalli ke firgita jama'a a banza. Wasu kuma na ganin ranar ce iyaye suka ƙwato wa 'ya'yansu haƙƙi. Ni a karatuna, duka ɓangarorin biyu suna tsallake inda gizo ke saƙar, wato dokar da ta bar hukuma ta yarda cewa abu na da hatsari amma ta ɗaure mata hannu wajen cire shi.

Abin da ya sa manomi ke son sa

Alar sunan kasuwa ne na sinadarin da masana ke kira daminozide, wanda kamfanin Uniroyal Chemical ke sarrafawa a lokacin. Ba ya kashe ƙwaro ko ciyawa, ko da yake dokar Amurka ta jera shi cikin magungunan feshi. A jikin bishiya yake aiki: yana rage yawan gibberellin, sinadarin da tsiro ke samarwa don reshe ya miƙe ya yi tsawo, sannan yana jinkirta nunar 'ya'ya. Wanda ya san yadda wasu 'yan kasuwa a wajenmu ke sa kabayid a ayaba ko mangwaro don su nuna da wuri, to Alar akasin haka yake yi, riƙe 'ya'yan yake kada su yi gaggawa.

Ga mai gonar tuffa wannan kuɗi ne tsaba. Akwai irin da ake kira McIntosh, wanda aka fi nomawa a jihar New York da jihohin arewa maso gabas, yana da halin zubowa ƙasa kafin ya gama yin ja. Tuffar da ta faɗi ta ƙuje ba ta shiga kwandon kanti, sai dai a kai ta masana'antar matse ruwa a sayar da arha. In an fesa Alar, 'ya'yan sukan ƙara kwanaki a kan reshe, su yi ja sosai, su yi tauri, a tsinke gonar a zagaye ɗaya maimakon a riƙa komawa ana biyan leburori, kuma su daɗe a ɗakin sanyi ba su yi laushi ba. Manoman jihar Washington, wadda ta fi kowace jiha noman tuffa, sun yi amfani da shi a kan irin Red Delicious saboda launi da tauri. An fara ba shi lasisi a 1963 don furannin tukunya, a 1968 aka amince a sa shi a kayan abinci, kuma bayan tuffa ya shiga gyaɗa da inabi da wasu 'ya'yan itatuwa.

Halaye biyu ne suka jawo masa fitina. Na farko, yana ratsawa har cikin tsokar tuffa, don haka wanki ko fere ɓawo ba ya raba ka da shi. Na biyu, in aka dafa, wani ɗan kaso nasa yakan rikiɗe ya zama wani sinadari da ake taƙaita sunansa da UDMH, wanda kuma yana cikin abin da ake haɗa man roka da shi. Su wa ake dafa wa tuffa? Ruwan tuffa na kwalba da markaɗaɗɗiyar tuffa, duka sai sun bi ta wuta, kuma su ne abincin jarirai da 'yan yaye a Amurka. In aka auna da nauyin jiki, yaro ɗan shekara biyu ko uku yana shan ruwan tuffa ninkin-ba-ninkin abin da uwarsa ke sha.

Shekara 16 ana jan ƙafa

Alamar farko ta fito tun 1973, lokacin da wani masani mai suna Bela Toth, a cibiyar binciken ciwon daji ta Eppley da ke Omaha a jihar Nebraska, ya ba ɓeraye UDMH a ruwan sha, suka fito da ƙari a jijiyoyin jini da huhu da wasu gaɓoɓi. A 1977 ya maimaita da daminozide kansa, ya sake ganin ƙari. Sai dai gwaje-gwajen nasa suna da rauni da masana suka nuna tun a lokacin: adadin da ya ɗura wa dabbobin ya yi yawan da gubar kaɗai tana lalata musu jiki, kuma in jiki ya lalace haka da wuya a ce ga takamaiman abin da ya haifar da ƙarin.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ba ta buɗe bincike na musamman a kan Alar ba sai 1984. A 1985 ta shirya hana amfani da shi a abinci. Kwamitin masana da doka ta ce sai an tuntuɓe shi ya duba hujjojin, ya ce ba su da ingancin da za a gina hukunci a kansu. A Janairun 1986 hukumar ta ja da baya: ta rage adadin da aka yarda ya rage a jikin tuffa, ta umarci Uniroyal ya sake sababbin gwaje-gwaje, ta bar sinadarin a kasuwa. Daga baya sanatoci biyu, Joseph Lieberman da Harry Reid, suka yi zargin cewa akasarin 'yan wannan kwamiti sun taɓa yi wa kamfanonin sinadarai aiki.

Kasuwa ta riga gwamnati motsi. A 1986, bayan matsin lamba daga ɗan gwagwarmayar kare masu saye Ralph Nader da wasu ƙungiyoyi, manyan kantuna irin su Safeway da masu yin abincin jarirai irin su Gerber suka sanar cewa ba za su ƙara karɓar tuffar da aka fesa wa Alar ba. Manoma da yawa suka bar shi tun daga nan. Wannan ya kamata a riƙe, domin yana nufin a ranar da rahoton CBS ya fito, akasarin manoman da za su kwana a ciki ba sa ma amfani da sinadarin.

A ranar 1 ga Fabrairu 1989, kusan mako huɗu kafin shirin talabijin ɗin, EPA ta fitar da sanarwa bisa sakamakon farko na gwajin da Uniroyal ya yi da kansa. Ɓerayen da aka ba UDMH mai yawa sun sake fitowa da ƙari. Hukumar ta ƙiyasta cewa a cikin mutum miliyan ɗaya da suka ci ragowar sinadarin tsawon rayuwarsu, 45 na iya kamuwa da ciwon daji ta dalilinsa. Mizanin da hukumar ke bi shi ne ɗaya cikin miliyan. Ta ce za ta hanzarta soke lasisin. A cikin sanarwar kuma ta ƙara wata 18 ga izinin ragowarsa a abinci.

Dalilin wannan baki biyu yana cikin dokar magungunan feshi ta ƙasar. Soke lasisin maganin da ya riga ya shiga kasuwa sai an auna amfaninsa da illarsa, an saurari kamfani, an bi matakan ƙara, abin da kan ɗauki shekaru. Dakatarwar gaggawa kuwa sai an tabbatar da hatsarin da ke tafe nan kusa, kuma ciwon dajin da zai iya bayyana bayan shekara 30 ko 40 bai cika wannan sharaɗi ba. Muƙaddashin shugaban hukumar, John Moore, ya bayyana a cikin shirin na 60 Minutes, ya amsa cewa da a ce yau ne aka kawo Alar neman lasisi, da bai samu ba. Uwar da ke zaune gaban talabijin da jaririnta a cinya, abin da ta ji ke nan daga bakin jami'in da aka ɗora wa kare ta. Ina ganin wannan amsa ta fi hoton ƙoƙon kai tayar da hankali.

Rahoto da masu tallata shi

Binciken da CBS ya dogara da shi na wata ƙungiyar kare muhalli ne, NRDC, wadda ta fitar da shi washegari, 27 ga Fabrairu. Rahoton ya duba magungunan feshi 23. Ya ƙiyasta cewa tsakanin yara 5,500 zuwa 6,200 cikin waɗanda ba su shiga firamare ba a lokacin za su iya kamuwa da ciwon daji nan gaba saboda takwas daga cikinsu, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan hatsari daga UDMH yake. In an juya lissafin, daga UDMH kaɗai yaro ɗaya ke nan cikin kusan 4,200.

Ƙungiyar ba ta bar rahoton ya tafi da ƙafarsa ba. Ta ɗauki kamfanin hulɗa da jama'a na David Fenton, wanda ya shirya wa CBS labarin shi kaɗai tukuna, sannan ya jera tarukan manema labarai da hirarraki a mujallun mata da shirye-shiryen safe, ta yadda labarin zai riƙa dawowa mako bayan mako. 'Yar wasan fim Meryl Streep ta jagoranci wata ƙungiyar iyaye mata da aka kafa don wannan yaƙi, ta ba da bahasi a gaban kwamitin Majalisar Dattawa a watan Maris. A Oktoban shekarar jaridar Wall Street Journal ta buga sassan wata takarda da Fenton ya rubuta yana bayyana dabarar, inda ya nuna manufar ita ce a maimaita saƙon har ya zama babu mai saye da zai iya kauce wa jin sa. Masu sukar NRDC suna riƙe da wannan takarda har yau.

Sa'a ma ba ta yi da manoma ba. A tsakiyar Maris aka gano gubar sayanayid a ƙwayoyin inabi biyu da aka shigo da su daga Chile ta tashar Philadelphia, gwamnati ta tsare 'ya'yan itatuwan Chile baki ɗaya. Abu biyu da ba su da alaƙa suka haɗu a kan mai saye, ya ga kamar duk sashen 'ya'yan itace na kanti guba ne. A 16 ga Maris hukumomi uku, EPA da hukumar abinci da magunguna da ma'aikatar noma, suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa tuffa ba ta da wata illa, a ci gaba da ci. EPA ta ce kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na tuffar ƙasar ake fesa wa Alar. Sai gwaje-gwajen da ƙungiyar masu saye ta Consumers Union da wasu jaridu suka yi suka riƙa gano ragowarsa a samfura masu yawa, har da na wasu da suka ce sun daina karɓa. Adadin ɗan kaɗan ne, ƙasa da abin da doka ta yarda, amma a wannan gaɓa babu mai tambayar adadi.

A 2 ga Yuni Uniroyal ya dakatar da sayarwa a cikin gida, kuma manoman tuffa da kansu suna cikin masu roƙon a yi hakan, domin sun ga babu hanyar dawo da masu saye sai a iya cewa babu Alar ko kaɗan. A Oktoba kamfanin ya nemi a soke lasisin amfani da shi a kayan abinci, yana mai cewa har yanzu bai yarda yana da illa ba. Manoman Washington sun ce asararsu ta kai dala miliyan 100. Masana tattalin arzikin noma sun nuna cewa wani kaso na faɗuwar farashin daga yawan amfanin gona ne, don an dasa bishiyoyi da yawa a shekarun baya kuma kasuwa ta riga ta cika tun girbin 1987. Duk da haka akwai ƙananan manoma masu bashin banki da wannan kaka ta ƙarasa.

To, yana da hatsari ko babu?

Kowane ɓangare yana da lamba, kuma lambobin ba ƙarya ba ne, tambayoyin da suke amsawa ne daban.

Bambancin NRDC da EPA ya fito ne daga zaɓin da kowa ya yi wajen lissafi. NRDC ta ɗauki ma'aunin ƙarfin UDMH da aka ciro daga tsofaffin gwaje-gwajen Toth, waɗanda kwamitin masana ya riga ya ƙi. Ta kuma ƙara nauyi ga abin da aka ci a ƙuruciya, bisa hujjar cewa jikin yaro na girma da sauri kuma yana da shekaru masu yawa a gaba da ciwo zai samu sararin bayyana. A zaɓin farko ta yi zuzutawa. A na biyu, kamar yadda za a gani, lokaci ya ba ta gaskiya.

Masu kare Alar, ciki har da Elizabeth Whelan ta ƙungiyar ACSH, wadda ke samun wani ɓangare na kuɗinta daga kamfanoni, sun yaɗa cewa sai mutum ya sha dubban galan na ruwan tuffa kullum kafin ya kai abin da aka ɗura wa ɓerayen. Lissafin daidai ne, amma ya kauce wa dalilin da ya sa ake gwaji haka. Ba za a iya tara ɓeraye miliyan a ɗakin gwaji ba. In kana da 'yan ɗaruruwa kuma kana neman illar da ke kama mutum ɗaya cikin dubu ashirin, dole ka ɗaga adadin har illar ta fito fili, sannan ka yi lissafi ka sauko. Tambayar gaske ita ce ko saukowar miƙaƙƙiya ce, ko kuwa akwai wani mataki da jiki ke iya shanye abin ba tare da lahani ba. Masanin nan Bruce Ames na jami'ar California a Berkeley ya daɗe yana cewa adadi mai yawa kansa ke kashe ƙwayoyin halitta ya tilasta musu yawan sabuntawa, daga nan ƙari ke tasowa, don haka gwajin yana ƙara gishiri. Ya kuma tuna wa mutane cewa tsirrai na yin gubarsu ta kare kai, kuma naman kaza da ake ci kullum yana ɗauke da dangin UDMH na halitta.

Hukumomi ma sun rabu. Kwamitin ba da shawara kan magungunan feshi na Birtaniya ya duba hujjojin a 1989 ya ce bai ga hatsari ga masu ci ba. Kwamitin haɗin gwiwa na hukumar lafiya ta duniya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya tsayar da adadin da ya ce ana iya ci kullum. Tsohon babban likitan gwamnatin Amurka, C. Everett Koop, ya ce tuffar da aka fesa wa Alar ba ta taɓa zama barazana ga yara ba. EPA kuwa, da gwaje-gwajen suka kammala, ta rage ƙiyasinta amma ta bar sinadarin a rukunin waɗanda ake kyautata zaton suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, kuma lambar ba ta sauko ga ɗaya cikin miliyan ba.

A ɗauki 45 ɗin nan a duba ta fuska biyu. Fiye da Ba'amurke ɗaya cikin uku zai gamu da ciwon daji a rayuwarsa ko da Alar ko babu. Ƙarin 45 cikin miliyan a kan wannan, ga yaro guda, abu ne da ba zai ko ganu ba, kuma uwar da ta hana ɗanta tuffa ta ba shi alewa ta cutar da shi fiye da yadda ta kare shi. Amma a ninka 45 da al'umma ta kusan miliyan 250, za a samu sama da mutum dubu 11, ko da yake wannan shi ne iyakar sama ta ƙiyasin. A ɗaya gefen sikelin me aka ɗora? Jan launi, tauri, da sauƙin girbi. Hukumar da ta ce a ci gaba da cin tuffa ta yi gaskiya, wadda ta ce a cire sinadarin ma ta yi gaskiya, kuma hukuma ɗaya ce. Ta kasa bayyana wa jama'a yadda maganganun biyu ke zama tare, kuma a ganina ba za ta iya ba muddin magana ta biyu ba ta da ranar cikawa.

Abin da ya biyo baya a kotu da majalisa

A Nuwamban 1990 wasu manoma 11 na jihar Washington, a madadin kusan 4,700, suka kai CBS ƙara a Yakima kan ɓata sunan amfanin gonarsu. An san shari'ar da sunan Auvil, ɗaya daga cikin iyalan. Kotun tarayya ta kori ƙarar a 1993, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1995, kotun ƙoli ta ƙi sauraro a 1996. Hujjar alƙalai ita ce manoman sun kasa nuna cewa abin da aka faɗa ƙarya ne, tunda ya dogara da binciken gwamnati.

Ƙungiyoyin manoma suka koma majalisun jihohi. Louisiana ce ta fara a 1991, har jihohi 13 suka kafa dokokin da ke sauƙaƙa wa manomi ƙarar duk wanda ya aibata kayan abinci ba tare da hujjar kimiyya ba. Da irin wannan doka makiyayan Texas suka maka mai gabatar da shirin talabijin Oprah Winfrey a kotu bayan shirinta na 1996 kan cutar haukan shanu, ta yi nasara a Amarillo a 1998. Ta South Dakota kuma tana cikin abin da wani kamfanin nama ya dogara da shi wajen ƙarar gidan talabijin na ABC, wadda aka sasanta a 2017 da maƙudan kuɗi.

A ɗaya ɓangaren, cibiyar kimiyya ta ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto a 1993, ƙarƙashin likitan yara Philip Landrigan, kan magungunan feshi a abincin jarirai da yara. Rahoton ya ce tsarin da ake bi, na auna hatsari da jikin babba, bai kare yara yadda ya kamata ba. A 1996 majalisun tarayya biyu suka amince da sabuwar dokar ingancin abinci ba tare da ƙuri'ar adawa ba, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a 3 ga Agusta. Dokar ta wajabta ƙarin tazarar kariya har ninki 10 saboda yara in hujja ba ta cika ba, ta ce a haɗa lissafin magungunan da ke aiki iri ɗaya a jiki, ta kuma umarci EPA ta sake duba duk tsofaffin izinin da ta taɓa bayarwa cikin shekara 10.

Noman tuffa bai durƙushe ba. Masu McIntosh ne suka fi jin jiki, wasu suka tumɓuke bishiyoyinsu suka dasa wasu ire-iren. Daga baya aka samu madadi: ReTain, wanda ya samu lasisi a 1997, yana hana 'ya'ya zubowa, sai SmartFresh a farkon shekarun 2000, wanda ake sakawa a ɗakin ajiya don jinkirta nuna. Shi daminozide har yanzu ana sayar da shi a Amurka da sunan B-Nine, masu gidajen rainon furanni na fesa shi don tsiron tukunya ya tsaya gajere ya yi cunkus, kuma an hana sa shi a duk abin da za a ci.